Bambanci tsakanin ƙirƙirar waƙa da sake tsara ta wani

A dokokin ƙasashe da dama, wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ke da haƙƙin mallakarta. Mai son sake tsara ta, ko ɗibar wani ɓangare nata, sai ya nemi izini, galibi kuma ya biya.

Wani sanannen misali shi ne na Manu Dibango, mawaƙin Kamaru da ya fitar da waƙar Soul Makossa a 1972.

Michael Jackson ya sanya amshinta a faifansa Thriller na 1982 ba tare da izini ba, daga bisani suka sasanta a wajen kotu, aka biya Dibango.

A 2009 Dibango ya sake shigar da ƙara a birnin Paris, bayan da Rihanna ta ari amshin daga wurin Jackson, amma kotu ta yi watsi da ita.