Sassaben Zamani: Yadda Masana da Manoma Suka Haɗa Hannu a Ƙasar Maraɗi

Tarihin binciken kimiyya a kan gonakin gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji ya samo tushe ne daga farin shekarar 1973, lokacin da hamada ta zama abin damuwar duniya. A wancan zamani Claude Raynaut na Jami'ar Bordeaux ya jagoranci wani shiri da ya tara masana zamantakewa da na labarin ƙasa da na aikin gona a jihar Maraɗi, bisa fahimtar cewa fanni guda ba zai iya bayyana dalilin mutuwar gona ba, tunda gado da haraji da yawan jama'a duk suna da hannu a ciki. Akasarin sakamakon ya fito da Faransanci a cikin rahotanni da littattafai, abin da ya taƙaita yaɗuwarsa.

Sauyi ya zo a 1983, yayin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa kututturan da ke tohowa a gonaki saiwoyinsu na nan da rai. Daga nan aka shiga yayata abin da manoma ke kira sassaben zamani, wato a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon sabara ko kalgo ko gawo a raine su, maimakon a sassabe gona ƙarƙaf a ƙone. A Agiye, ayyukan raya karkara na asusun FIDA, musamman shirin PPILDA, sun ɗora bincike a kan dabarun manoma, inda ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya. Masanan cibiyar INRAN irin su Abasse Tougiani, da malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai irin su Boubacar Yamba, da ɗaliban da suka kwana a ƙauyuka suna ƙirga itatuwa, sun tara bayanai a kan wannan dabara.

Labarin ya ƙara karaɗe duniya ne lokacin da fannoni suka gamu a takarda guda. A 2009 Chris Reij, masanin kula da ƙasar noma, da Gray Tappan, mai nazarin hotunan tauraron ɗan adam a hukumar USGS ta Amurka, da Melinda Smale, masaniyar tattalin arziki, suka wallafa nazari a cibiyar IFPRI, inda suka ƙiyasta cewa kadada wajen miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, ɗauke da itatuwa kimanin miliyan 200. Waɗannan alƙaluma biyu sun zama abin kafa hujja a rubuce-rubucen masana yanayi da na abinci da na raya ƙasa. A nan ne ake ganin aikin ambato, wato yawan lokutan da wasu masana suka dogara da wani rubutu a nasu binciken, wanda da shi jami'o'i ke auna darajar malami: takardar da aka rubuta da Ingilishi, ta haɗa fannoni da ƙasashe, ta kuma zo da adadi mai sauƙin tunawa, ita ke kwashe ambato, alhali kundin ɗalibi da rahoton Faransanci da aka gina ta a kansu suna kwance a ɗakin ajiya.

Wannan ma'auni yana da amfani, amma bai kai ga auna gudummawar kowa ba, domin manomin da ya gano reshen da ya dace a bari, da matar da ta san ganyen da ke shiga tukunya a lokacin bazara, ba sa cikin jerin marubuta. Kafa jami'a a Maraɗi a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya buɗe ƙofar gyara, tunda yanzu 'ya'yan waɗannan gundumomi na iya tsara tambayar bincike da kansu, su sa sunansu a gaba, sannan su mayar da sakamakon ga ƙauyukan da ya fito, da harshen da masu gonakin ke ji.