Zafi da maraina: tarihin wata tsohuwar tambaya

Akwai tambayar da maza da dama ke jin nauyin yi wa likita: shin yadda mutum ke kwanciya da dare yana taɓa lafiyar 'ya'yan marainansa? Amsar tana cikin wata tambayar da ta girme ta, wato hikimar da ke cikin ajiye maraina a wajen ciki, alhali sauran gaɓoɓi masu laushi an ɓoye su a ciki.

Tun a ƙarni na 1 miladiyya, Celsus na daular Rum ya bayyana ciwon kumburin jijiyoyin maraina, ya kuma lura cewa ɗan marainan da abin ya shafa yakan ƙanƙance. A ƙarni na 18 likitan fiɗa John Hunter ya nuna cewa maraina suna fara samuwa ne a cikin cikin ɗan tayi, sannan su gangaro jakarsu kafin haihuwa. An san hanyar, amma dalilin ya ci gaba da ɓuya.

A 1922 Francis Crew na Edinburgh ya kawo hasashen cewa ɗumin ciki ne ke hana marainan da ba su sauko ba yin ƙwayoyin maniyyi. Carl Moore na Jami'ar Chicago ya gwada hasashen. Ya mayar da marainan ƙananan dabbobi cikin cikinsu, sai aikin ya tsaya. Da ya dawo da su jaka, aikin ya farfaɗo. A 1924 shi da abokin aikinsa Oslund suka naɗe jakar marainan rago da abin da ke riƙe ɗumi, ba yanka ba magani, ƙwayoyin suka lalace. Daga nan aka fahimci cewa jakar ma'aikaciya ce: tana sakin jiki a lokacin zafi, tana tsukewa a lokacin sanyi, domin maraina su zauna ƙasa da digiri 37 na jiki da kimanin digiri 2 zuwa 4.

Ba a daɗe ba aka juya ga mutane. Martha Voegeli, likita 'yar Suwizalan da ta yi aiki a Indiya tsakanin 1930 da 1950, ta riƙa sa maza zama cikin ruwan zafi kullum na tsawon mako 3 domin tsarin iyali, ta ba da rahoton cewa haihuwa na tsayawa na wasu watanni sannan ta dawo. A 1941 MacLeod da Hotchkiss suka nuna cewa zafin jiki irin na zazzaɓi na rage yawan ƙwayoyin maniyyi na makonni. Bayanin jinkirin ya fito a 1964, lokacin da Heller da Clermont suka ƙiyasta cewa ƙwaya na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala. Saboda haka zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na iya bayyana a gwajin maniyyin da aka yi bayan wata biyu.

Sai da aka samu ƙananan na'urorin auna zafi da ake liƙawa a jiki dare da rana kafin batun ya isa ɗakin barci. Awon da aka yi a Jamus da Denmak ya nuna cewa zafin jakar na hawa idan mutum ya daɗe a zaune, haka nan cikin barci, lokacin da cinyoyi, tufafi da mayafi suka rufe ta. A 2018 masu bincike na Harvard suka duba maza 656, suka samu cewa masu sa sakakken gajeren wando sun fi masu sa matsattse yawan ƙwayoyi da kusan kashi 25 cikin 100.

Duk wannan tarihi wuri ɗaya ya nufa: abin dubawa shi ne ɗumi da matsi, ko mutum ya kwanta a dama ko a hagu. Kwanciyar da ta bar iska ta ratsa, cikin tufafi marasa matsi, ita ta dace da halittar gaɓar. Direban doguwar tafiya da mai aiki a bakin tanderu su ne suka fi cancantar kula.

Akwai kuma abin da gyara kwanciya ba ya magani. Ɗan maraina kan murɗe a kan igiyarsa, jini ya yanke, kuma hakan yakan faru cikin barci, musamman ga samari. Asalinsa daga yadda gaɓar ke rataye ne tun halitta. Likitocin fiɗa sun daɗe da sanin cewa ceto ya fi yiwuwa cikin awa 6 na farko. Yaron da ciwo mai tsanani ya tashe shi cikin dare, a kai shi asibiti a daren, kada kunya ta sa a jira wayewar gari.