Dodon Waƙa da Dodon Daji: Tarihin Kiɗan Ban Tsoro

Mutumin da ya tashi a Gayam, a bakin dajin Birnin Gwari, zai yi mamaki idan aka ce masa akwai ƙasashen da matasa ke cire kuɗi daga aljihunsu domin mawaƙi ya tsorata su. Mu da tsoro ya zo mana kyauta har ƙofar gida, me za mu yi da na saye? Duk da haka na ga ya dace a bi diddigin wannan kiɗa, domin tarihinsa yana haska wani abu game da namu kiɗan da kuma halin da muka shiga.

Asalin abin a birnin Bamingham na Ingila yake, garin maƙera da masana'antu. A can wasu samari huɗu suka lura da yadda jama'a ke bin layi a sinima domin kallon finafinan ban tsoro, suka ce su ma bari su yi kiɗan da zai sa tsigar jiki ta tashi. Suka ɗauki sunan wani fim na 1963, Black Sabbath, suka raɗa wa ƙungiyarsu, faifansu na farko ya fito a 1970. Makaɗin jitarsu, Tony Iommi, inji ya taɓa datse masa kan yatsu biyu a masana'anta, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitar don rage zafi, sai amon ya yi ƙasa, ya yi kauri. Daga wannan jijiya aka samu reshen da masu shi ke kira Death Metal, wato kiɗan ƙarfe na mutuwa. A 1987 ƙungiyar Death ta Chuck Schuldiner, ɗan jihar Fulorida a Amurka, ta fitar da faifan da yawancin waƙoƙinsa labaran fatalwa da gawarwaki masu tafiya ne, irin na finafinai. Ƙungiyar Mortician, da aka kafa a 1989, ta ƙara sauƙaƙa abin: guntun sauti daga fim, ganga ta na'ura mai gudun tsiya, murya kamar gurnanin zaki, cikin minti ɗaya ko biyu an gama.

Hukumomi sun ɗaga murya. Jamus ta hana sayar da faifan farko guda uku na ƙungiyar Cannibal Corpse shekara da shekaru. Amma binciken da aka yi a Jami'ar Macquarie ta Ostireliya, aka buga a 2019, ya nuna masu sauraren wannan kiɗa ba su rasa tausayi ba idan sun ga hoton zalunci na gaske. Abin da suke samu a cikinsa nishaɗi ne da ƙarfin zuciya. A Afirka ma ya sami gindin zama, a garin Ghanzi na Botsuwana, da birnin Huambo na Angola, wanda yaƙin basasa ya ragargaza.

Wannan sirri ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun muna yara muke roƙon kakanninmu su ba mu tatsuniyar Dodo, muna ƙanƙame juna, muna cewa a ƙara. Da muka girma sai muka tarar da kiɗan maza. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa da kalangu, kiɗan da in ya tsuma namiji sai ya zare wuƙa ya goga a cikinsa. Ɗan Anace ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe waƙoƙin da mutuwa, kabari da lahira suka cika su. A fagen bori kuwa garaya da goge ke kiran iskoki, 'yan kallo na tsoro amma ba sa watsewa. Duk waɗannan sun yi tarayya da kiɗan Turawan nan a abu uku: kiɗa mai sauƙi da ake maimaitawa har ya shiga jini, murya mai kaushi da ba ta neman daɗi, da kuma ambaton abin da kowa ke gudu. Sauƙin nan shi ne ƙarfinsa, domin mai jin tsoro ba ya buƙatar azanci mai tsawo, bugun da zai yi daidai da bugun zuciyarsa yake nema.

A fahimtata, abin da ya sa mutum ke jin daɗin irin wannan kiɗa shi ne yana da iyaka. Tatsuniya tana da ƙurunƙus. Fagen dambe yana da da'ira da masu rabawa. Faifai yana ƙarewa a kunna fitila. A cikin wannan shinge mutum yake kallon mutuwa ido da ido, ya gwada zuciyarsa, ya koma gida lafiya. Mafaraucin da zai shiga dajin Kamuku, tun kafin a mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, da kirari da kiɗa yake cinye tsoronsa kafin tsoron ya cinye shi.

Matsala tana farawa ne ranar da dodon ya zama mutum mai suna da gari. Tarihinmu ya san wannan. Gambu, mutumin Fagada a ƙasar Kabi, ya shahara da yi wa ɓarayi waƙa, jama'a na saurare suna dariya, malamai na gargaɗi, har daga baya shi da kansa ya bayyana tubarsa. A zamaninmu abin ya wuce nan. Bayan da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, bayan kisan gillar da aka yi a Gwaska a watan Mayu na 2018, sai ga waƙoƙin yabon shugabannin daji suna yawo a wayoyin yara. Kiɗansu mai sauƙi ne, amonsu na tsuma jiki, kamar na da. Sai dai gawar da ake ambata a ciki tana da uwa, tana da marayu a Gayam da Dogon Dawa da Kuyello. Fatalwar mawaƙin Fulorida ba ta taɓa karɓar kuɗin fansa daga hannun kowa ba. Shi kuwa wanda ake wasawa a waɗannan waƙoƙi, kowane baiti ƙarin kwarjini ne gare shi, kuma gayyata ce ga yaron da ke ganin bindiga ita ce hanyar yin suna.

Saboda haka idan za mu yi wa kiɗa hukunci, kada mu tsaya a kan kaushin murya ko munin kalma, domin da wannan ma'auni da mun zubar da Kassu da Ɗan Anace. Mu tambaya: wa ake wasawa, kuma jinin wa aka zubar?

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, manoma suka fara komawa gonakin da suka bari. Idan Allah ya zaunar da wannan lafiya, akwai aiki a gaban masana da masarauta: a naɗi kirarin tsofaffin mafarautanmu da kiɗan taurin da ya rage kafin masu shi su ƙare. Yaranmu sun ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsu, kuma za su nemi waƙar da za ta ɗauki nauyinsa. Gara su same ta a wurin makaɗan garinsu, a fagen da ake tashi idan dare ya yi, kowa ya kama hanyar gida.