Daga Allo Zuwa Kwamfuta: Tarihin Kayan Koyarwa a Ƙasar Kano



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi diddigin kayan da malami ke amfani da su wajen cusa ilmi a zukatan yara, tun daga allon katako har zuwa manhajojin da ke kan intanet a yau. Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne, watau kayan koyarwa iri biyu ne: akwai wanda ɗalibi ke riƙewa da hannunsa, akwai kuma wanda ake ɗaga masa ya yi kallo. Tarihi ya nuna na farkon ya fi barin gurbi a zuciya.

Tun kafin zuwan Turawa, allo shi ne ginshiƙin karatu a ƙasar Hausa. Almajiri zai rubuta karatunsa da alƙalamin gamba da tawadar gawayi da ƙaro, malam ya duba ya gyara, ya biya masa. Ba ya wanke allon sai ya kiyaye abin da ke kansa. A lura, hannun yaro ne ke aiki, idon malam ke gyara.

A cikin 1909 Hanns Vischer, mutumin Suwizalan wanda aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a nan Nasarawa, inda gidansa yake har yanzu a matsayin gidan tarihi. Da harshen Hausa aka koyar, an kuma haɗa karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da sana'o'in hannu. Makarantun boko su suka kawo allon bango da alli, wanda ya ba malami guda damar fuskantar aji gaba ɗaya. Amma fa daga nan rubutu ya fara ƙaura daga cinyar ɗalibi zuwa bango.

Sai majigi ya biyo baya. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, motoci suka riƙa zaga garuruwa da ƙauyuka suna haska hotuna kan tsafta da noma, mai sharhi yana bayani da Hausa. Jama'a kan yi dafifi, amma in mota ta tashi babu abin da ya rage a hannun kowa, babu kuma wanda zai dawo ya ji abin da aka fahimta.

Manhajojin gabatar da darasi na yau jikokin majigi ne. PowerPoint ta fito a 1987, a shekarar kuma kamfanin Microsoft ya saye ta. Prezi, wadda aka ƙirƙiro a ƙasar Hangari, ta bayyana a 2009, ga kuma Google Slides da ke ba mutane da yawa damar gyara aiki ɗaya ta intanet. Amfaninsu a fili yake: malamin da ba shi da ɗakin gwaji zai iya nuna bugun zuciya ko kusufin wata. Illarsu kuwa ita ce illar majigi, watau ɗalibi ya zama ɗan kallo, ya kwafi jerin kalmomi ba tare da sanin abin da ya haɗa su ba.

Taswirar ma'anoni kuwa daga wani tushe ta fito. Joseph Novak ne ya ƙago ta a 1972 a Jami'ar Cornell ta Amurka, yayin da yake binciken yadda yara ke fahimtar kimiyya. Ya dogara ne da ra'ayin David Ausubel cewa sabon ilmi ba ya zama sai ya sami abin da zai rataya a jikinsa cikin abin da mutum ya riga ya sani. Yadda ake yin ta shi ne a rubuta kowace ma'ana cikin akwati, babba a sama, ƙanana a ƙasa, a ja layi tsakaninsu, a kuma rubuta a kan layin kalmar da ke bayyana dangantakar. Alal misali, a ba yaro kalmomi huɗu: jirgin ƙasa, gyaɗa, haraji, dala. Wanda ya gane tarihi zai nuna cewa dogo ya iso Kano a 1911, ya buɗe wa gyaɗa kasuwar Turai, biyan haraji da kuɗi ya ƙara tura manomi nomanta, buhunan da ke jiran jirgi kuma su aka tara suka zama dala. Wanda ya haddace kawai zai ja layukan, amma ya rasa abin rubutawa a kansu, nan take malam ya ga inda gyara yake. Akwai manhajoji irin su CmapTools da ke sauƙaƙa wannan aiki, sai dai takarda da fensir ma sun wadatar. Ashe ke nan taswirar ta fi kusa da allo bisa ga majigi.

Rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona ya tona asirin halin da muke ciki, domin yara da yawa ta rediyo kaɗai darasi ya iske su, saboda rashin wutar lantarki da tsadar intanet.

Saboda haka ina jan hankalin ma'aikatan da ke tsara kasafin ilmi, kafin a sa hannu kan sayen na'ura a tambayi abu uku: wa zai taɓa ta, malami ko ɗalibi? An horar da malamin? In wuta ta ɗauke, darasin zai ci gaba? Ku kuma ɗalibai masu shirin shiga aji, in kun haska darasi a bango, kada ku sallami yara sai kowa ya zana abin da ya fahimta da hannunsa, kun duba kun gyara.