Gane kusurwoyi ba tare da kamfas ba

Gane kusurwoyi ba tare da kamfas ba shi ne sanin gabas, yamma, kudu da arewa ta hanyar lura da rana, inuwa, taurari da iska. Fatake da mafarauta da makiyaya sun daɗe suna dogara da wannan sani, haka ma duk wanda sallah ta riska a daji. Alamomin suna canzawa daga wuri zuwa wuri. Wannan maƙala ta ɗauki misali da Tudun Wada ta Zariya, wadda ke kan kimanin digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu.

Rana da alƙibla

A bakin jama'a rana daga gabas take fitowa, amma ba ta fitowa daga tsakiyar gabas sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A ƙarshen Yuni mafitarta a Zariya tana karkata kimanin digiri 24 zuwa arewa, a ƙarshen Disamba kuma ta karkata haka zuwa kudu.

Wannan ya shafi masallata kai tsaye. Bahaushe kan ce a fuskanci gabas idan yana nufin alƙibla, alhali daga Zariya Ka'aba tana kan kimanin digiri 67 daga arewa, wato gabas maso arewa. A watan Yuni mafitar rana ta kusan dacewa da alƙibla. Wanda ya bi mafitar rana a Disamba kuwa ya kauce da fiye da digiri 45. Akwai ranaku biyu da rana ke tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. Wanda ya juya wajen rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla.

Inuwa

Ana kafa sanda a miƙe a fili, a sa tsakuwa a kan bakin inuwarta, a jira kamar minti 20, a sake sa wata. Tsakuwar farko tana wajen yamma, ta biyu tana wajen gabas. Ya fi inganci a yi haka dab da tsakar rana. Inuwa mafi gajarta a yini tana kwance a kan layin kudu da arewa, kuma ita ce malamai ke aunawa don sanin zawali. A Zariya wannan lokaci yana faɗowa wajen 12:30 maimakon 12:00, don garin yana yamma da layin da aka ɗora agogon Najeriya a kansa.

A nan ne littattafan Turai ke ɓatar da ɗalibi. Suna koyar da cewa da tsakar rana inuwa kullum arewa take nunawa. A Zariya rana tana bi ta tsakar ka wajen 19 ga Afrilu da kuma wajen 24 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take nunawa. Sauran watannin shekara ne take komawa arewa.

Taurari

Tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira Jadyu, kusan ba ya gusawa daga wurinsa. Tsayinsa a sama daidai yake da nisan wurin daga layin tsakiyar duniya, don haka a Zariya bai wuce faɗin dunƙulen hannu da aka miƙa ba daga ƙasa. Bishiya ko gini na iya tare shi, hazon hunturu kuma yakan shafe shi ɗungurungum. Ana lalubo shi ta taurari bakwai masu siffar ludayi: biyun da ke bakin ludayin suna nuna shi.

A kudu akwai taurari huɗu masu siffar gicciye da ake gani da dare daga Afrilu zuwa Yuni. Idan suka tsaya a miƙe, ƙasansu kudu ne. Gamzaki da asuba yana gabas, Zara bayan magariba tana yamma, kuma su biyun abu ɗaya ne, wato duniyar Zuhura. Jinjirin wata ma a yamma ake dubansa.

Iska da ƙasa

Iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana busowa daga arewa maso gabas. Iska mai laima ta damina tana zuwa daga kudu maso yamma, amma hadari galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na gidajen ƙasa ya fi zaizayewa. Iska alama ce mai rauni, don a cikin unguwa lunguna suna juya ta.

Mutumin Tudun Wada yana da alamomin ƙasa da suka fi waɗannan sauƙi. Birnin Zazzau yana kudu da shi ta Ƙofar Doka, Sabon Gari yana arewa a hayin rafin Kubanni, Dutsen Kufena kuma yana wajen yamma.