Daga Kundi Zuwa Kwamfuta: Abin da Alƙaluman Kwastan Ke Gani a Iyakar Jibiya

Duk motar kayan da ta tashi daga Katsina za ta Maraɗi sai ta ratsa Daddara kafin ta kai Magamar Jibiya, sannan ta tsallaka Ɗan Isa. Cinikin da ke tsakanin biranen biyu ya girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyar 1906.

Shekaru aru-aru aikin kwastan na kundi ne da alƙalami. Ana rubuta kaya da kuɗin fito, amma kundi ba ya amsa tambaya. Mai son sanin yawan kayan da suka shigo a shekara sai ya bi shafi-shafi yana tarawa.

Wannan buƙata ce ta haifi manhajar kwastan. A 1981 ƙungiyar ECOWAS ta nemi hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka mata wajen tattara alƙaluman cinikin ƙasashenta. Sai aka lura cewa sahihan alƙaluma ba sa samuwa sai an kama su a teburin da ake biyan fito. Daga nan ASYCUDA ta fito, wadda Nijar ke kira SYDONIA. Najeriya ta yi aiki da ita, ta koma NICIS, sannan a 2024 ta fara gwada B'Odogwu.

Babban sauyin shi ne manhajar da ke karɓar kuɗi ita ce kuma ke nazari. Tana duba tarihin mai shigo da kaya, nau'in kayan da ƙasar da suka fito, ta tura shi koren layi ya wuce, ko rawaya a binciki takardu, ko ja a buɗe kaya.

Sai dai Jibiya ta nuna inda ganin manhajar ya tsaya. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022; aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har Maris na 2024. A lokutan nan cinikin hukuma ya tsaya cak, alhali shinkafa da fetur na bin ɓarauniyar hanya a kan babura. Manhaja ba ta ƙidaya buhun da bai zo gabanta ba.

Don haka duk manajan da aka nuna wa jadawali mai kyan gani, ya fara tambayar abin da bai shiga lissafi ba kafin ya yanke hukunci.