Tabkin Gabraun A Ƙasar Fezzan

Masu karatu da yawa sun san sunan Sabha, gama 'yan'uwanmu Hausawa sun daɗe suna zaune can, waɗansu kuwa sun ratsa ta kan hanyarsu zuwa Tarabulus. Amma kaɗan ne suka ji labarin tabkunan da ke yamma da birnin, a cikin rairayin Ubari. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Gabraun, watau Kabarin Aun da Larabci.

Tabkin ƙarami ne, tuddan rairayi sun kewaye shi, da itatuwan dabino a bakinsa. Ba kogin da ke zuba a ciki. Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ya ke tasowa, ragowar na zamanin dā ne, sa'ad da Fezzan ke da babban tabki da ciyawa. Rana tana shan ruwan, gishiri yana zama, har ya fi na teku ɗaci. Duk da haka in an haƙa rijiya kusa da gaɓa, akan sami ruwan sha.

Mutanen da suka zauna wurin ana ce da su Dawada, daga dud, watau tsutsa, domin abincinsu wata 'yar jar halitta ce da ke rayuwa cikin ruwan gishirin. Mata su kan kwaso ta da koma, su kirɓa da dabino, su shanya. Maƙwabta sun raina su saboda wannan, mu kuwa muna ganin dabara ce ta mutanen da suka rayu inda wani ba zai kwana uku ba. Suna kuma tara kanwa su sayar wa ayari.

Cikin shekara ta 1822 Likita Oudney da Clapperton suka zo daga Murzuk suka ga tabkunan nan. Oudney ya rasu kusa da Katagum a farkon 1824, Clapperton ya ci gaba har Kano da Sakkwato. Hanyar Murzuk ɗin nan ita ce aka bi da bayi masu yawa daga Barno da ƙasar Hausa.

Cikin shekarun 1980 gwamnatin Gaddafi ta kwashe Dawada, ta kai su sababbin gidaje a kwarin Wadi al-Ajal. Tsohon ƙauyen ya zama kango a bakin ruwa. Tun da aka shiga jan ruwan ƙasa da injuna domin noma, ruwan yankin ya yi ta ja da baya, tabkin Mandara kuwa, maƙwabcin Gabraun, ya ƙafe.